Lacca a Maradi: yaron da ɗan marainansa bai sauko ba

To iyayena mata, yau maganar da ake jin kunyarta za mu yi, ku yi haƙuri, lafiyar yaranmu ta fi kunya. 'Ya'yan maraina a cikin cikin jariri suke fara tsirowa, kusa da ƙoda, sai dab da haihuwa su gangaro cikin jakarsu. A yara maza 100 da suka cika wata tara, kamar 3 ana haifarsu ɗaya bai sauko ba, bakwaini kuwa abin ya fi yawa sosai. Wasu sukan sauko da kansu, amma in yaro ya kai wata 6 shiru, to ba jira kuma, a kai shi likita.

Abin da ke damuna shi ne a nan garuruwanmu sai ranar kaciya wanzami ya ce kai, yaron nan ɗaya gare shi, lokacin yana shekara bakwai ko takwas, alhali aikin sauko da shi ana son yinsa tsakanin wata 6 da wata 18. Dalili kuwa zafi ne. Jakar ta fi cikin jiki sanyi da kamar digiri 2, in ya daɗe a ciki zafin yana lalata irin da zai ba shi haihuwa in ya girma, ga haɗarin murɗewa da ƙaba da ciwon daji.

Aikin kansa wallahi ba babba ba ne, za a sa yaro barci, a ɗan tsaga gefen mara, a saki jijiyar da ta riƙe shi a jawo shi ƙasa, a yi masa 'yar aljihu cikin jakar a ɗinke, wajen awa ɗaya an gama kuma yawanci ran nan ko washegari a koma gida. In ba a jinsa da hannu sam, ana leƙa cikin da kamara, wani lokaci sai an yi aikin sau biyu.

Hajiya kin tambayi matsawa ko shafa magani. A'a Hajiya, don Allah kar a matsa, ba ya saukar da shi. Ku duba lokacin wanka da ruwan ɗumi, jiki ya saki, ki taɓa a hankali ki ji biyu. In duka biyun ne ba ki ji ba tun haihuwa, wannan kada a jira wata 6, a kai shi cikin kwanakin nan.