Ka ci shinkafa? Kwanakin farko na baƙo a Tailan

Mu dai abin da muka fara sani game da Tailan buhun shinkafa ne, 'yar Tailan mai doguwar ƙwaya da ake dafawa ranar biki. To, a can ma ita ce sarauniya, har ta shiga cikin gaisuwa. Idan mutumin Tailan ya ce maka "kin khao rue yang", tambayarka yake ko ka ci shinkafa, wato ko ka ci abinci. A bakinsu magana ɗaya ce.

Baƙon da ya sauka Bankok, zafi ne zai fara yi masa maraba, mai gumi irin na Legas. Daga nan sai ƙamshi, domin a bakin titi ake girki, safe da dare.

Ku dubi matar nan da turminta na ƙasa da ɗan taɓaryar itace. Som tam take haɗawa. Ta jefa tafarnuwa da barkono ta daka, ta zuba ɗanyen gwanda da aka yayyanka siri-siri, ta matsa lemun tsami, ta ƙara ruwan kifi da suke kira nam pla, da sukarin dabino... a'a, na bishiyar giginya ko kwakwa suke yi, sannan soyayyar gyaɗa da busassun jatan lande. Hannu ɗaya na daka, ɗaya na juyawa da cokali. Kafin ta fara za ta tambaye ka barkono nawa. Kada ka yi mata burgar cewa kai ɗan yaji ne tun daga gida. Barkonon nan ƙanƙane ne, amma biyu sun isa su sa babban mutum hawaye. Ka ce "mai phet", wato ban da yaji, kuma duk da haka za ka ji shi.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne loma ɗaya ta zo da tsami da zaƙi da gishiri da yaji gaba ɗaya. A wurin masu taliya za ka tarar da 'yan kwanoni huɗu a kan tebur, har da sukari, kowa ya gyara kwanonsa yadda yake so. Sukari a romon taliya! Ni dai sai da na saba. Miyarsu ta jatan lande mai tsami, tom yum kung, UNESCO ta sa ta cikin kayan al'adun duniya a 2024.

Musulmi kuwa sai ya buɗe ido. Yawancin mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, kuma naman alade, "mu" a yarensu, yana ko'ina, har cikin romon da ba ka zata ba. Cewa a cire maka naman ba ya wadatarwa idan tukunyar ɗaya ce. Nemi tambarin halal, ko rumfar da mai ita ke sanye da hijabi ko hula. A nan za ka samu khao mok kai, shinkafa mai kurkum da kaza, da miyar massaman wadda asalinta na Musulmi ne. Unguwar Bang Rak akwai tsohon Masallacin Haroon, a Nana kuma gidajen abincin Larabawa birjik.

Kasuwa fa? 'Yan kasuwarmu sun san Pratunam, inda ake sarin tufafi. Chatuchak mai cin Asabar da Lahadi tana da dubban rumfuna, ɓata a cikinta ba abin kunya ba ne. Amma wadda ke sa baƙo riƙe baki ita ce ta Maeklong a lardin Samut Songkhram. A kan layin dogo aka baje ta. Da an ji ƙarar jirgi, sai masu kaya su naɗe rumfunansu, su ja tebura baya, jirgin ya ratsa a hankali, kwandunan kayan miya na ƙasa suna ƙarƙashinsa bai taɓa su ba. Yana wucewa a sake buɗe rumfa, mai kifi ta ci gaba da ba da canji kamar ba a yi komai ba.

Ana ciniki, amma ba da ɗaga murya ba. Suna da abin da suke kira jai yen, sanyin zuciya, kuma wanda ya yi hargowa a bainar jama'a shi ya ji kunya. Gaisuwarsu haɗa tafukan hannu a ƙirji da ɗan sunkuyar da kai, namiji ya ce "sawatdi khrap", mace ta ce "sawatdi kha". Za ka cire takalmi a ƙofar gida, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kada ka shafa kan mutum, kada ka nuna abu da ƙafa. Idan kuɗinka na baht ya faɗi, kada ka taka shi don ka tare shi, hoton sarki ke jiki, kuma dokar cin mutuncin sarki tana kai mutum kurkuku har shekara 15.

Sai dai ba kowane murmushi ne karamci ba. A kusa da fadar sarki wani zai tare ka cikin ladabi ya ce yau a rufe take, amma ga tuk-tuk, a daidaita sahunsu, zai zaga da kai gari a kuɗi kaɗan. Ƙarshen yawon shagon duwatsun ado ne ko na tela, inda direban ke da lada. Yi masa murmushi kai ma, ka taka zuwa ƙofar fadar ka gani da idonka.