Ƙaramin kifin da muke rainawa

Assalamu alaikum mutanen Zazzau, na Samaru da Tudun Wada da na cikin ganuwa. Daga tsibirin Penang nake magana, a ƙasar Maleshiya. Ƙarfe takwas na safe ke nan a wajenmu, ku kuwa ɗayan dare, sai kun tashi za ku gani.

Bari in matso da kyamara ku ga karin kumallona. Shinkafa ce da aka dafa da ruwan kwakwa, ga soyayyiyar gyaɗa, ga ƙwai, ga yajinsu mai ɗan zaƙi, sai waɗannan 'yan mitsi-mitsin kifayen da suke kira ikan bilis. Ba a cire kai, ba a zare ƙaya, haka ake taunewa gaba ɗaya. Da na fara zuwa, gefen faranti nake ture su, domin a gidanmu kifin da bai cika tafin hannu ba ai ba a lissafa shi a kifi.

Abin da ya sa na daina turewa yana nan kudancin tsibirin, a Batu Maung, inda hedikwatar cibiyar binciken kifi ta WorldFish take. A karatun da nake yi na yi ta cin karo da sunan wata baiwar Allah da ta kama aiki da su a 2010, Dakta Shakuntala Haraksingh Thilsted. An haife ta a Tirinidad a 1949, zuriyar Indiyawan da aka kai can aikin rake. Noma ta fara karanta a ƙasarsu, sannan ta tafi Denmak ta yi digirin digirgir a kan yadda jiki ke amfana da abinci.

A Bangaladash aikinta ya kama ƙasa. Can kusan kowane ƙauye da tafkunansa, ana kiwon manyan kifaye irin rui da katla. Ƙananan kifayen da ke fitowa da kansu kuwa ciyawa aka ɗauke su, har magani ake zubawa a kashe su kafin a zuba iri, wai suna cinye abincin manya. Ita da ɗalibanta suka ɗebo waɗannan ƙananan, suka kai ɗakin gwaji. Wani da ake kira mola sai ga shi maƙil da bitamin A, mafi yawansa kuma a ido da kayan ciki yake. Ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ga kalsiyam a ƙayar da ake taunewa. Ku da kuka san dundumi, yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi, to rashin bitamin A ne ke kawo shi. Wato abin da uwa ke yankewa ta zubar wajen gyaran kifi, shi idon ɗanta yake nema.

Nan ne ta burge ni. Da ta tsaya a rubuta sakamakon a mujalla, da malamai sun karanta, shi ke nan. Sai ta koma tafkin manoma aka gwada, aka ga mola da manyan kifi suna zama ruwa ɗaya ba tare da girbi ya ragu ba. Shi mola yana hayayyafa da kansa, ba sai an sayi iri kowace shekara ba. Babban kifi maigida ya kai kasuwa, ƙaramin ya shiga tukunyar gida. Daga nan aka fito da garin busasshen kifi don masu ciki da masu shayarwa da yara a kwana 1,000 na farkon rayuwa, aikin ya bazu zuwa Kambodiya da Indiya, ya ƙetaro Zambiya da Malawi. A 2021 aka ba ta Lambar Abinci ta Duniya, wadda masanin noma Norman Borlaug ya kafa a 1986.

Duk lokacin da na karanta aikinta, gida nake gani. Masu kiwon kifi a Zariya kusan duk tarwaɗa suka sa gaba, ta yi kilo guda a sayar wa masu farfesu da masu gashi. Sana'a ce mai kyau, Allah ya sa albarka. Amma gida nawa ne ke iya sayen wannan tarwaɗar su ba ɗan wata takwas? Ga Galma, ga madatsar Shika, ga Kubanni, masunta na fitowa da ƙanana a sayar da su arha kamar ba a so. Ba cewa nake a kwaso na kududdufin unguwa ba, wannan ruwan kwata ke shiga cikinsa. Kuma ina roƙon masu sayar da busasshe, don Allah a bar fesa masa maganin ƙwari, bakin yara zai shiga.

Yaya, na san za ki kalla. In kin shiga kasuwar Sabon Gari ranar Asabar, ki nemi ƙananan busassu masu tsabta, ki wanke, ki shanya su bushe ƙayau, ki ɗan soya sama-sama babu mai, ki daka har da kan, ki tankaɗe sosai kada ƙaya ta rage. Tunda auta ta wuce wata shida, cokali ɗaya a kununta ko a faten dankali ya isa farawa. Ga motar makaranta can ta shawo kwana, bari in cinye sauran in tashi. A gaida Inna.