Jawabin Jami'ar Walwala Kan Ɗan'uwanmu Da Ke Kwance A Asibiti

Shugaba, ka yi mini afuwa, rahoton walimar Sallah zan taƙaita shi. An biya kuɗin zaure, rasit na hannun ma'aji, babu bashi. Abin da ya hana ni barci makon nan daban ne.

Ɗan'uwanmu da muka je dubawa ranar Laraba, ba sai na kama suna ba, wata bakwai ya yi yana bahaya da jini. Wata bakwai, jama'a! Ya daina zuwa jam'i saboda alwala ba ta zama masa, mu kuma muka ce aiki ne ya riƙe shi. Yana tuƙin tasi a nan Amurka, daga wannan gidan mai sai wancan, neman banɗaki. Ya ce basir ne, aka aiko masa da jiƙo daga gida. Da murɗar ciki ta yi yawa ya koma shan ibuprofen, alhali irin wannan magani ƙara hura wutar ciwon yake. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa asibiti. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, ba ni da inshora."

Ni nas ce, ku ji daga bakina. Ba basir ba ne, ba atini ba ne, ba sammu ba ne. Gyambon babban hanji ne, likitoci na ce masa alsaratib kolaitis. Garkuwar jiki ce ke far wa hanji, ba a ɗaukarsa daga wani, yana lafawa yana tashi. Idan majinyaci ya zo mana, tambayar farko ita ce sau nawa yake fita a yini, da jini ko da majina, yana tashi da dare? Mu auna zafin jiki da bugun zuciya, mu duba harshe ko ya bushe, mu taɓa ciki, mu ɗora shi a sikeli. Wanda ke fitar da jini sau 6 ko fiye a yini, ga zazzaɓi ko bugun zuciya ya haura 90 a minti ɗaya, wannan kwanciya ce, ba jira. Yaron nan na ja fatar idonsa, fari fat. Sai da aka yi masa ƙarin jini.

Abin da ke min ciwo, da ya yi magana tun farko wataƙila mesalamine, maganin kwantar da kumburin hanji, ya isa. Kuma a Amurka, tun 1986 doka ta hana ɗakin gaggawa korar mutum don ba shi da kuɗi. Akwai cibiyoyin lafiya na unguwa da ke yanka farashi daidai da samun mutum. Asibitocin da ba na riba ba wajibi ne su kasance da tsarin rangwame, fom kawai ake cikewa. Wa ya gaya masa? Babu! A gida da mahaifiyarsa ta kalle shi sau ɗaya ta gane ya rame. A nan mu ne uwa, mu ne uba, kuma muka yi sake.

Za a sallame shi da prednisone, maganin kumburi mai ƙarfi, wanda ba a yanke shi farat ɗaya, sai a hankali. Bayan shi akwai maganin kullum, akwai awon jini, akwai leƙa hanji da kyamara. Duk kuɗi ne. Na buɗe littafin asusun taimako, fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bara. Haba iyayena, haba ƙannena! Mu da muka tura gawa gida da kuɗin aljihunmu cikin kwana uku, mai rai ne zai gagare mu?

Rajistar inshora ta gwamnati tana buɗewa 1 ga Nuwamba, kuma ba a hana kowa don yana da tsohon ciwo. Zan zauna da shi mu cike. Amma kafin nan maganinsa ba zai jira ba. Ma'aji na bakin ƙofa da littafi. Don Allah kada kowa ya fita bai tsaya wajensa ba, kuma ina neman mutum biyu masu mota da za su riƙa kai shi ganin likita.