Mai Gadi da Littafin Rajista: Lacca kan Yadda auditd Ke Sa Saba Nauyi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. An ba ni minti 40, kuma na shirya abubuwa huɗu, Allah ya sa mu kai ga na huɗun.

Kun san mai gadin ofis da littafinsa. Ka zo, ya rubuta sunanka, wurin wa ka zo, ƙarfe nawa. To a Linux wannan mai gadin shi ne audit, yana cikin kanel, wato zuciyar tsarin da ke tsakanin manhajoji da na'ura, tun shekarar 2004. Duk abin da manhaja za ta yi, buɗe fayil ne, goge shi ne, tayar da wata manhajar ce, sai ta roƙi kanel. Idan roƙon ya dace da ɗaya daga dokokin da ka sa, sai a rubuta, kauditd, ɗan aiken da ke cikin kanel, ya miƙa wa auditd, manhajar da ke riƙe da littafin, shi kuma ya zuba a /var/log/audit/audit.log. Masu aiki da katin banki sun san PCI DSS, ƙa'idar tsaron bayanan kati, ta wajabta irin wannan rubutu a sharaɗinta na 10, don haka ba kwalliya ba ce.

Abu na farko, alamomi. Mutane za su kira ka su ce saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta yi nauyi. Ka buɗe top, manhajar da ke nuna aikin da na'ura ke yi, ka ga CPU tana zaune abinta, RAM da sauran wuri, amma lodi, wato adadin manhajojin da ke aiki ko suke jira, ya hau sama. Idan ka ga haka, kada ka yi saurin rubuta wa oga takardar a sayo sabuwar na'ura. Na taɓa rubutawa. (dariya) Zan dawo kan wannan.

Abu na biyu, kuma shi na fi so, layi. Ku saurara da kyau. Tsakanin kanel da auditd akwai layi, ana ce masa backlog. Mai gadi hannunsa ɗaya ne, biro ɗaya. Idan mutane suna zuwa da sauri fiye da yadda yake rubutu, me zai faru? Layi. Tsawon layin da kanel ke zuwa da shi na asali gurbi 64 ne kacal. Sittin da huɗu! Shi ya sa a Red Hat da danginta za ka tarar an sa -b 8192 a fayil ɗin dokoki, wato an mayar da layin gurbi 8192. To idan layin ya cika fa? Nan ne maganar take. Kanel ba ta cewa manhaja wuce kawai. Tana ce mata tsaya nan sai an samu gurbi. Wannan jiran sunansa backlog_wait_time, kuma na asali yakan kai daƙiƙa 60. Ku duba fa, minti guda cur manhajarka tana tsaye a bakin ƙofa. Ba aiki take yi ba, shi ya sa CPU ba ta nuna komai. Jira take. A ps, mai jera manhajojin da ke gudana, za ka gan ta da harafin D, irin barcin da ba a iya katsewa, kuma Linux tana lissafa masu wannan barcin cikin lodi. Kun ga inda lodin ya fito?

Zan sake faɗa saboda masu danna waya a can gefe. Jira take, ba aiki ba. Wanda ya tsaya a layin gidan mai tun asuba bai ƙona ko lita ɗaya ba, amma dai bai je aiki ba.

Yaya za ka gani da idonka? Ka rubuta auditctl -s. Lambobi uku nake so ka kalla: backlog_limit, wato tsawon layin, backlog, mutum nawa ke ciki yanzu, sai lost, waɗanda suka gaji aka zubar da rubutunsu. Kada ka duba sau ɗaya ka tafi. Ka sa watch a gaba don ya riƙa maimaita umarnin, ka zauna kana kallo a lokacin da ake kukan nauyin, ko ka sa wani ɗan rubutu ya riƙa kwashe lambobin nan kowane minti yana kai wa manhajar sa ido irin Zabbix ko Prometheus, duk wanda kuke da shi. Idan lost yana ƙaruwa, asara biyu ka yi: saba ta yi nauyi, kuma shaidar da ka sha wahalar tarawa tana da giɓi. Sannan ka leƙa dmesg, inda saƙonnin kanel suke fitowa, za ka ga kanel tana kuka cewa layi ya wuce iyaka.

Labarin takardar nan. Wani wuri ne na yi aiki, ba zan faɗi sunansa ba. Masu binciken tsaro za su zo, ni kuma na je intanet na kwaso jerin dokoki masu tsawo na liƙa, ban karanta ba. A ciki akwai wadda ta ce a rubuta duk buɗe fayil, open da openat, ba tare da an ware komai ba. A sabar da ke ɗauke da rumbun bayanai! Kamar ka ce wa mai gadi ya rubuta har akuyar da ta gifta da ƙudan da ya shigo. Ga kuma kwafin ajiya na kowane dare da ke bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ina zargin diski, ina zargin masu kawo mana intanet, har injin janareta na zarga. Ashe ɓarawon a hannun rigata yake. Kuma ku sani, abu ɗaya ba layi ɗaya yake ci a rajista ba. Tayar da manhaja ɗaya kan haifar da SYSCALL, EXECVE, CWD, PATH, PROCTITLE, duka na aiki guda.

Abu na uku... a'a, wannan har yanzu cikin na biyu yake. Gano dokar da ke surutu. Ku riƙa sa wa kowace doka laƙabi da -k. Sai aureport -k --summary ya jera maka wace ce ta fi cika littafi, aureport -x --summary kuma ya nuna wace manhaja ce. Yawanci ɗaya ko biyu ne ke cinye komai.

Lokaci ya ja, ga shi ana ɗaga min hannu. Na uku da sauri: kanel tana bin dokoki daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ce ta ci, don haka dokokin never, na abin da ba ka so, su zauna a sama. Ka haɗa kira da yawa, wato roƙon nan da manhaja ke yi wa kanel, a doka ɗaya maimakon ka warwatsa su. Kuma -f 2 na nufin kanel ta faɗi gaba ɗaya idan rubutu ya gagara, kada ka sa shi sai an tilasta maka a rubuce. Masu Windows, naku auditpol ne, ku duba rubutu mai lamba 5156 da 4663 a rajistarku, su ne masu yawan surutu. Na huɗu kuwa, e, Malama, ga hannunki.

Tambaya: Malam, ba ka taɓo flush ba, wato saitin auditd na lokacin da ake zuba rubutu a diski. An ce a bar shi a incremental_async don sauri. To mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ba za mu rasa rubutu ba?

Kai, na gode, wannan ta fi na huɗun nawa. Za ku rasa, ba zan ɓoye miki ba. A wannan tsarin auditd yana tara rubutu, sai ya kai adadin da ke freq, galibi 50, sannan ya tilasta a zuba a diski. Wuta ta ɗauke a tsakani, na ƙarshen nan na iya tafiya. Idan kika mayar da shi sync, kowane rubutu sai ya jira diski, ga layin nan namu ya dawo. Ni abin da nake yi, ina barinsa yadda yake, ina tura kwafi zuwa wata na'ura da audisp-remote, sannan in tabbatar batirin UPS na sabar yana da rai, don sau da yawa akwatin ne kawai a ajiye, batirin ya mutu tuntuni. Ki gwada naki gobe, ki zare wayar daga bango ki gani. Amma ki fara gaya wa oga. (dariya)

An kira la'asar ko? To mu tashi, mai sauran tambaya ya same ni a waje.