Hannun Dattijonmu Ba Zai Jira Mu Ba: Jawabin Shugaba a Taron Wata

Sakatare, ajiye rahoton nan tukuna, akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Dattijonmu da ɓarin jikinsa ya shanye an sallamo shi, ƙafa ta fara takawa, alhamdu lillahi. Amma hannun dama har yanzu a dunƙule yake. Da na je dubiya na tarar yana fama da maɓallin riga, ya kama ya kuɓuce, ya kama ya kuɓuce, Hajiya na tsaye za ta sa hannu ya ce ta bari. Da wannan hannun fa ya cike wa rabinmu takardu lokacin da muka iso ba mu san gabas ba balle yamma. Yau ranakun gashinsa, wato atisayen motsa hannu, suna wucewa don babu mai kai shi asibiti.

Na ga bidiyon safar hannu mai inji da ake ta turowa, ana cewa a saya masa a huta. Na'urorin nan ba ƙarya ba ne. Tun shekarun 1990 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka ƙera MIT-Manus, mutum-mutumin da ke jan hannun majiyyaci yana motsa shi. A 2021 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da IpsiHand, wadda ake ɗora wa mutum a ka da hannu, ta karanci niyyarsa daga ƙwaƙwalwa, ta buɗe masa yatsu. A shekarar dai ta amince da Vivistim, da ake dasawa a ƙirji tana zungurar wata jijiya ta wuya yayin atisaye. To amma ku saurara. A 2019 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 770, aka ga horo da mutum-mutumin bai fi gashin da aka saba yi dawo da aikin hannu ba. Ƙwaƙwalwa da maimaici take sake buɗe hanya: ɗauki cokali, ajiye, sake ɗauka, yau da gobe da jibi. Kuma a watannin farko aka fi samun sauƙi da sauri. Watannin nan su ne muke ɓarnatarwa muna tura wa juna bidiyo! Likitarsa ce za ta ce ko na'ura ta dace da shi. Namu shi ne mota, da mai zama kusa da shi yana ƙirga masa.

Wallahi da a gida ne, da tuni ɗakinsa ya cika, ba a rasa jikan da zai zauna yana murza masa yatsu. Nan kowa na bakin aiki, na sani, ni ma haka. Amma zumunta a ƙafa take.

Iyayenmu mata, ga taku. Wata 'yar uwa ta ce min ta rage wa yaronta abin shaƙa tunda maganin asma ta hanyar gyaran ƙwayoyin gado ya kusa fitowa. Hankalina ya tashi. Babu irin wannan magani da aka amince da shi a ko'ina, yawancin aikin a jikin ɓeraye ake yinsa. Na san inda ruɗanin ya samo asali: a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado, don masu sikila, kuma duk mun yi murna. Sai dai sikila daga ƙwayar gado ɗaya take. Asma kuwa ƙwayoyi ne da yawa, irin su ORMDL3 da aka gano alaƙarta da asmar yara a 2007, ga kuma ƙura da hayaƙi da sanyi. Abin da ke hannu yanzu ga masu asma mai tsanani allurai ne kamar omalizumab da mepolizumab, su ma likita ke tantance wanda suka dace da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 asma ta kashe mutum 455,000. Don Allah abin shaƙa na kullum kada a ajiye shi don yaro ya daina tari.

Na koma kan dattijo. Asusun taimako ya kusa ƙarewa, don wasunmu sun yi watanni ba su biya kuɗin wata ba, kuma su ne suka fi kowa kawo shawarar a sayi inji. Ba zan kira suna ba, ma'aji na da littafi. Wannan ƙungiyar ta kai gawa gida, ta tsaya wa marayu, a ce kai mutum ɗaya gashi ya gagare mu? Haba jama'a!

Sauran a gurguje: an sabunta hayar zaure, karatun yara na ranar Asabar yana nan, zaɓe sai wata mai zuwa. Takarda na zagayawa, kowa ya rubuta ranar da zai iya tuƙi, wanda ba shi da mota ya rubuta ranar zama. Ma'aji, koma bakin ƙofa da littafinka.