Darasi: Filtarka ta Farko a Akwatin Eurorack

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau filta za mu taɓa, wato matatar sauti, ɗaya daga cikin modul-modul da ake jerawa a akwatin haɗa sauti na Eurorack. Na ɗauka duk wanda ya biyo mu zuwa nan yana da akwatinsa, yana da osileta ɗaya (mai samar da sauti), enbalof ɗaya (mai fitar da wutar da ke tashi ta sauka in an danna maɓalli) da VCA (mai buɗe ƙarar sauti da rufe ta), kuma ya san yadda ake kai sauti lasifika, don haka ba zan koma baya ba. Wanda ƙarfen bai zo hannunsa ba tukuna, ya sauke VCV Rack a kwamfuta, kyauta ne, duk abin da zan yi zai iya bina da shi.

Wadda ke gabana ita ce Doepfer A-120. Faɗinta HP 8, wato santimita 4 da ɗan ɗori, ba ta cin wuri. Shi Dieter Doepfer ɗin, Bajamushe, shi ya fito da tsarin Eurorack a tsakiyar shekarun 1990, amma abin da ke cikin wannan filtar ya girme shi nesa ba kusa ba. Tsarin Robert Moog ne na Amurka, wanda aka ba shi takardar mallakarsa a 1969, transisto-transisto a jere hawa-hawa, shi ya sa ake ce masa tsani. Irinsa ne a cikin Minimoog, na'urar kiɗan Moog ta 1970. Wannan kaurin bas ɗin da kuke ji a tsofaffin faya-fayai, mai cika ƙirji, yawanci daga nan yake.

Na riga na ɗaura ta, amma kalma ɗaya a kan wuta. Ku kashe akwatin gaba ɗaya kafin ku soka faffaɗar wayar nan ta baya, kuma jan layin ya fuskanci inda aka rubuta -12, a jikin filtar da kuma a jikin allon wutar. Ba kowane modul ne aka yi wa kariya ba, idan aka juya ta baibai yana iya ƙonewa nan take. Ku duba sau biyu, sannan ku kunna.

To. Ƙanena, matso da kyamarar nan kaɗan, su ga ramukan. Yauwa, nan ya yi.

Daga osileta zan ɗauko haƙorin zarto, wato sautin da siffarsa ke kama da haƙoran zarto, in kai shi ramin shigar sauti. Mafitar filta kuma ta tafi VCA. Me ya sa haƙorin zarto? Saboda aikin filta ragewa ne, sai ka ba ta abin da za ta rage. Idan na saita osileta a kan Hz 110, wato kaɗawa 110 a daƙiƙa, haƙorin zarto ba 110 kaɗai yake fitarwa ba, akwai 220 a kansa, akwai 330, 440, 550, haka har sama, kowane na gaba ya fi na baya rauni. Su ne ke ba shi wannan zzzz ɗin mai kaifi. Amma in ka ba ta sain, sautin nan mai santsi wanda shi kaɗai yake tafe babu 'yan rakiya, za ka yi ta murɗawa ba ka ji komai ba sai ƙara tana raguwa. Mutane da yawa a nan suke zaton an sayar musu da matacciyar filta, alhali lafiyarta ƙalau.

Ku saurara. Babban nob ɗin nan na sama, na wurin yanka, wato inda filta ke fara rage sauti, a buɗe yake gaba ɗaya. Yanzu ina rufewa a hankali... kun ji kaifin yana tafiya... yana dushewa... ga shi ya koma gunji kawai, kamar ana kiɗa a ɗakin maƙwabta. In sake buɗewa. Ku gwada da bakinku ma: ku ja sauti ɗaya, ku tashi daga "uuu" zuwa "aaa" ba tare da kun canza murya ba. Maƙogwaro shi ne osileta, baki shi ne filta. Abin da hannuna yake yi ke nan.

Wannan irin tana barin na ƙasa ya wuce, ta danne na sama. Kuma ba yankan wuƙa take yi ba, gangara ce. Duk oktab ɗaya (wato ninkin Hz) da aka hau sama da wurin yankan, sautin yana raguwa da kusan desibel 24, desibel kuwa ma'aunin ƙara ne. Akwai masu desibel 12, gangararsu ta fi sauƙi, sun fi barin haske. Za mu zo kansu.

Kafin in ci gaba, nob ɗin ƙarfin shigarwa. Kada ku ƙure shi. Yawancin osileta na Eurorack suna fitar da kusan bolt 10 daga ƙasa zuwa sama, wannan kuwa da yawa ne. In ka tura shi duka, transistocin suna cika, sautin ya yi ƙazanta, rezonans kuma ya shaƙe. Wani lokaci ƙazantar ake nema, ni kaina ina sonta a bas, amma da farko ku ajiye shi a tsakiya don ku san ainihin muryar filtar.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, don a nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, kuma zan maimaita har ku gaji da ni. Ramukan CV nan ne wutar da ke juya wurin yanka take shiga. Zan ɗauko enbalof in kai shi... a'a, dakata, CV1 na soka, ba shi nake nufi ba. CV2. Bari ma in bar shi a CV1 ɗin na ɗan lokaci, ku ji abin da yake faruwa. Nob yana tsakiya, na danna maɓalli. Kun ji? Ɗan "tak" a farko, sai sauti a buɗe wayam, sai can a ƙarshe ya ɗan rufe. Babu wani motsi mai daɗi. Ga dalili.

Filta tana haɗa lissafi ne. Inda nob yake, a tara da abin da ya shigo ta CV1, a tara da na CV2, a tara da na CV3, jimillar ita ce wurin yanka. Nob ɗin shi ne inda za a fara tafiya, wutar da ta shigo ita ce nisan tafiyar. A CV1, kowane bolt ɗaya yana ɗaga wurin yankan da kusan oktab ɗaya, wato ya ninka shi. Enbalof ɗina yana tashi daga sifili zuwa bolt 8. To ku yi lissafin tare da ni. A ce nob yana kan Hz 1,000. Bolt ɗaya, 2,000. Biyu, 4,000. Uku, 8,000. Huɗu, 16,000. Biyar, 32,000. Kunnen ɗan Adam kuwa a wajen 20,000 yake tsayawa, na manya ma bai kai nan ba. Ke nan tun kafin enbalof ya kai bolt 5 ya fice daga inda kunne yake ji, sauran tafiyar duk a banza yake yin ta. Filtar tana aiki, kai ne ba ka jin aikin.

Maganin abu biyu ne, kuma tare ake yin su. Na farko, a mayar da wayar CV2, don shi yana da nob ɗinsa na rage ƙarfi. Na mayar. Na rufe shi ruf, sifili. Na biyu, babban nob ya sauko ƙasa, ƙasa sosai, har sai sautin ya kusa ɓacewa. Kada ku ji tsoro, haka ake so, ɗaki muke buɗe wa enbalof. Yanzu ina danna maɓalli, ina ɗaga nob ɗin CV2 kaɗan-kaɗan. Wau... wau... kun ji ya fara buɗe baki? Ƙara kaɗan. Yauwa! Nan ne. Ku lura ko rabi ban kai ba.

In sake faɗa. In kana son farkon sautin da ƙarshensa su yi duhu ko su yi haske, babban nob za ka taɓa. In kana son tsallen da yake yi ya yi tsawo ko gajere, nob ɗin CV2 za ka taɓa. Hannu biyu, ɗaya a nan, ɗaya a nan. In ka ɗaga wannan, sau da yawa sai ka sauke wancan. Wanda filtarsa ba ta da nob a kan ramin CV, dole ya nemi atenuweta, wato mai rage ƙarfin wuta, daban ya sa a tsakani, kuma wallahi wannan ɗan ƙaramin modul ɗin ya fi filta ta biyu amfani a wurin mai farawa. A jikin enbalof kuwa, ku rufe atak (lokacin tashi), ku sauke sosten (matakin da yake tsayawa) ƙasa, ku yi wasa da dikei (lokacin sauka) kawai. Gajere ya ba ku "tuk" irin na bas mai tsinkewa, dogo ya ba ku "waaau".

Wayoyin nan masu launi da kuke gani, masu kan milimita 3.5 ne. Ni ja nake sa wa sauti, shuɗi ga CV, don in waya ta yi yawa ido ya gane hanya.

Sai rezonans. Abin da yake yi shi ne ya ɗebo sautin da ya fita ya mayar da shi ciki, sai daidai wurin yankan ya kumbura. Na ɗaga shi zuwa rabi, ina murɗa babban nob a hankali. Ku kasa kunne, za ku ji 'yan rakiyar nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, 220, 330, 440, kowane ya leƙo ya koma. Ni a duk harkar nan babu abin da ya kai wannan daɗi a kunnena, ina iya zama a kansa har dare ya raba. Amma ku lura da abu guda: da na ɗaga rezonans, bas ya rame. Halin tsanin Moog ne, haka aka san shi, ba lalacewa ba ce. In kauri kake so, rezonans kaɗan.

Yanzu ku rage ƙarar lasifika, masu hedifon ku cire shi daga kunne, da gaske nake. Zan zare wayar osileta gaba ɗaya, in ƙure rezonans. Fiiii. Babu abin da ke shiga, amma tana kuka da kanta, sain ne tsantsa. Da babban nob nake canza muryarsa. In na sauke shi ƙasa sosai, na bar enbalof da ɗan gajeren dikei a CV2... dum, dum, dum. Ga ganga ta samu, babu osileta ko ɗaya.

CV1 ɗin da muka bari fa? Aikinsa na nan. Ku raba wayar da ke kai wa osileta murya gida biyu, ɗaya ta tafi osileta, ɗaya ta zo CV1. Yanzu in kun hau sama a kibod, wurin yankan zai bi ku, sautukan sama ba za su dushe ba. In ba haka ba, za ku ji na ƙasa da haske, na sama a shaƙe.

Wacce za a fara saya? Ana yawan yi mini wannan tambayar. Akwai gidan Oberheim SEM na 1974, desibel 12, mai laushi, kuma tana ba ka hanya fiye da ɗaya: ta bar na ƙasa, ko ta bar na sama, ko na tsakiya kawai. Akwai gidan Korg MS-20 na 1978, mai ihu da tsiwa. Akwai na Roland TB-303, wanda aka gina kiɗan asid a kansa a Chicago. Ga kuma wannan ta gefe, A-124, da aka kwaikwayo daga na'urar kiɗa ta Wasp ta Ingila, tana da arha, tana da datti mai daɗi. Shawarata, in filta ɗaya kuɗinka zai iya, ɗauki mai hanyoyi da yawa irin ta SEM, za ta koya maka abubuwa uku a kuɗin ɗaya. Amma in bas ne ya kawo ka harkar nan, tsani za ka saya, kada wani ya canza maka ra'ayi. Kowacce ka ɗauka dai, ka tabbata akwai nob a kan aƙalla ramin CV ɗaya.

Abu na ƙarshe, ga mu nan Arewa. In hunturu ya shigo, ƙura tana shiga cikin nob, ka murɗa ka ji ƙaras-ƙaras, kuma a filta abin ya fi fitowa fili saboda shi ne nob ɗin da hannu ba ya sauka a kansa. Ku riƙa rufe akwatin da ƙyalle in kun tashi. Kada kuma ku jona shi kai tsaye a janareta, ku bi ta sitabilaiza.

A darasi na gaba za mu cire enbalof mu sa LFO, wato osileta mai tafiya a hankali, a CV3, sannan mu gwada tura osileta ta biyu cikin ramin CV mu ji irin ƙarar ƙarfen da take bayarwa. Ƙanena, kashe haka nan. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.