Tirela mai sanyi ko ta busasshen kaya: wacce ta fi wa direba a Amurka?

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi tirelolin nan biyu da ke fake a tashar manyan motoci a Amurka. Daga nesa kamar Hassana da Usaina, farare, kowacce ƙafa 53. Amma matso kusa da goshin ta hagu. Ka ga wancan injin da ke gurnani, da ɗan tankin dizal nasa a ƙarƙashin bodi? Ita ce direbobi ke ce wa rifa, firji ne guda a kan taya. Galibi injin na kamfanin Thermo King ne ko Carrier, kuma wani baƙar fata, Frederick McKinley Jones, shi ya ƙera na farkon Thermo King a ƙarshen shekarun 1930. Ta dama kuwa akwati ce kawai, ta kwalaye da takarda da tufafi da kayan gwangwani.

Za a ce maka rifa ta fi kuɗi a kan kowane mil, kuma yawanci haka ne. Sai dai direban dogon zango da mil ake biyansa, idan taya ba ta juya ba, aljihu ma a tsaye yake. Doka ta ba shi awa 11 na tuƙi a cikin awa 14, sannan hutun dole na awa 10. Tun Disambar 2017 na'ura ce ke rubuta wannan lissafi, ba sauran gyara littafi da biro.

To, a nan gizo ke saƙar. Mai busasshen kaya, musamman a manyan kamfanoni, sau da yawa zai ajiye tirela ya maƙala wata da aka riga aka loda, ya kama hanya. Mai rifa kuwa an ba shi ƙarfe 3 na dare a rumbun wani babban kantin abinci. Ya ja da baya zuwa ƙofa, ya zauna. Masu sauke kaya, waɗanda kuɗinsu daban ne, sai sun warware lodin sun ƙirga kwali-kwali. Gari ya waye yana nan. Kuɗin jira bisa al'ada sai bayan awa biyu yake fara aiki, shi ma sai an bi shi da takarda.

Ga kuma reno. Latas na son wajen digiri 1 a ma'aunin Salsiyas, ayaba 13 zuwa 14, daskararren nama 18 ƙasa da sifiri. Ka ba ayaba sanyin latas, ta dafe, ba mai karɓa. Shi ya sa tsohon hannu ba ya rufe ƙofa sai ya soka ma'aunin zafi a jikin kayan, domin aikin injin riƙe sanyi ne, ba sanyaya abin da aka loda da ɗumi ba. Bayan lodin kaji sai an wanke cikin tirela kafin a zuba na gaba. Injin kuma yana bayan kanka kana barci, ya mutu ya tashi. Wai idan ka saba, shirunsa ne ke farkar da kai, don shiru na nufin ƙila ya lalace.

Nauyi ma akwai: iyakar doka fam 80,000 ne, mota da kaya gaba ɗaya, kuma inji da kaurin bango sun riga sun ci wani kaso.

Me ya sa duk da haka wasu ba sa rabuwa da rifa? Ciki ba ya hutu. Kasuwa ta yi sanyi, mutane su fasa sayen kujeru, amma ba a fasa madara da ƙwai. Da bazara ana ɗaukar latas a kwarin Salinas na Kalifoniya, wajen Nuwamba aikin ya koma Yuma a Arizona. Idan babu lodin sanyi, ka kashe inji ka ɗauki busasshe, alhali tirelar busasshen kaya ba za ta iya ɗaukar lodin sanyi ba.

Ni dai a ganina, sabon shiga ya fara da busasshen kaya, ya ƙware a ja da baya da lissafin awoyi tukuna. Idan kuma rifar ka nufa, kafin ka sa hannu tambayi kamfanin: nawa kuke biyan awar jira, kuma daga awa ta nawa kuke fara ƙirgawa?